Butar Kakan Madam

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na yi alwala a unguwar Zamalek. Har gobe in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, amma ku bari in faɗi nawa kafin ku yanke mini hukunci.

A 2014 ne, karatuna ya ƙare, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa mutuwa, ni kuma ban shirya barin Alƙahira ba. Sai abokina Bashir, Bahaushen Sudan, ya samo mini hanya. Yana yi wa wata tsohuwar Baturiyar Ingila tafinta, ita kuma tana neman mai karanta mata tsofaffin takardun ajami. In ta ɗauke ni, zamana ya tabbata. Ya ce in zo shan shayi gidanta ta gan ni. Na goge babbar rigata, na taso daga unguwarmu Darrasa ina jin kaina.

Ashe Madam jikar wani basarake ce. Wai a da can, 'ya'yan manyan Ingila in sun gama makaranta sai a tura su yawon duniya, Italiya, Girka, wasu har Masar da Sham, su koma gida da gumaka da zane-zane. Kakanta ma bai dawo hannu rabbana ba. Falon nan cike yake da mutanen dutse, wasu ba kai, wasu ba hannu, kusan duk ba wando. (Na yi ta kallon silin ina istigfari.)

Da la'asar ta yi, na zame na nufi bayi. Ba buta. Kai, gidan Bature! Ina fitowa sai ga wata ta tagulla a kan ɗan tebur, dab da ƙofa, mai dogon wuya. Na ce Allah sarki, baiwar Allah ta tanadi ta baƙi. Sai dai ta yi kore shar, duk tsatsa. Ni kuwa uwata ba ta koya mini alwala da ƙazamar buta ba. Na sami soso da sabulu, na dirje gefe guda har sai da na ga fuskata a ciki.

Na buɗe ƙofa ke nan, hannun riga a naɗe, gemu na ɗiga, buta a hannu, sai ga Madam da Bashir da wasu baƙinta sun yi cirko-cirko gaban teburin. Ta kawo su ne su ga abin da ya fi komai daraja a gidan.

Ƙarar da ta yi, ban san tsohuwa na da irin ta ba. Bashir ya dafe kai.

"Ɗan'uwa, ka kashe ni! Daga Dimashƙa kakanta ya kawo ta. Koren nan da ka kankare shi ne darajarta!"

Da na ce ma'alish, a yi haƙuri, na sunkuyar da kai, wataƙila da an wuce wurin. Ina! Bakina ya riga ni.

"Gaya mata buta ce. Wanda ya ƙera ta don alwala ya ƙera ta, ba don a tsaya ana kallo ba. Kakan nata ma, wa ya tambaya kafin ya ɗauko?"

"Wallahi ba zan fassara wannan ba."

Bai ma sha wahala ba, don ashe Madam na jin Hausa daidai gwargwado. Ta karɓe butar da hannu biyu kamar jaririya, ta ce, "Malam, sai wata rana."

Khalas, aiki ya tafi. Kafin wata ya ƙare ina Kano. Na ji kunya ƙwarai, kuma na ji zafin rabuwa da garin nan, ba zan ɓoye ba. Bashir kuwa, na yi ta ba shi haƙuri har ya gaji. Amma a ce in yi nadamar alwalar? Sam. Ta yi kyau, sallata ma ta yi.

Abin da na koya ɗaya ne. A gidan masu tara kayan tarihi, in ka ga abu ya yi datti, kada ka yi musu gwaninta. Dattin suka gada, ka bar musu kayansu.