Akuyar da Ta Fi Surukina Girma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa Baba Danjuma kyautar zane a Agwada ba, ko da kuwa zan manta sunana. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina koyar da zane a wata sakandare a Tudun Ƙofa, nan cikin Keffi, ina kuma neman auren 'yarsa Ladi. Baba Danjuma tsohon hedimasta ne, ba shi da yawan magana, ya ajiye alli ya koma noman doya. Bai ce ya ƙi ni ba, bai kuma ce ya yarda ba. Duk sanda Ladi ta yi masa zancen turo magabatana sai ya ce, "Ina dai kallonsa tukuna." Da aka sa ranar bikin godiya na ritayarsa, sai na ce to, ga ranar da Baba zai san wa yake kallo.

Ni kuwa a shekarun nan wata cuta ce ta kama ni, cutar nisa. Tun da na karanta yadda masu zanen Italiya suka gano dabarar sa shafaffen bango ya buɗe kamar taga, har ka ji kamar ka taka ka shiga, ban sake ganin duniya daidai ba. Sai in tsaya bakin titin Akwanga da yamma ina kallon turakun lantarki suna gajarcewa ɗaya bayan ɗaya, titin yana tsukewa har ya zama ɗigo. Duwatsun nesa su yi shuɗi-shuɗi, su narke cikin sama, ni ma in narke tare da su. (Wani ɗan acaɓa ya taɓa tsayawa ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.)

Gonar Baba na zana. Kai, na zuba basira! Kunyoyin doya suka miƙe suna matsowa juna, itatuwan mangwaro suna ƙanƙancewa, koren ganye yana dusashewa a hankali har ya koma launin hayaƙi. Can ƙarshe, daidai inda duk layukan suka haɗu, na tsayar da Baba da fartanya a kafaɗa. A tunanina babu girmamawar da ta wuce wannan: duk inda idonka ya faɗa, gona za ta ja shi ta kai shi wurin mai ita.

Sai dai nisa ba ya fitowa in babu wani abu babba a kusa da za a gwada shi da shi. Don haka na sa akuya a gaba. Na kuwa ba ta haƙƙinta, gashi ɗaya-ɗaya, ido yana ƙyalli, har da ɗan ganye a baki. Ladi ta yi ta roƙo in nuna mata kafin ranar, na ce sam, ba a ɗanɗana miyar biki.

Ranar, bayan an taso daga coci, aka cika rumfa maƙil: fasto, tsofaffin malamai, dangi daga ko'ina. Aka kira ni, na fito ina taku ɗai-ɗai, na yaye zanin da na rufe allon da shi.

Wuri ya yi tsit. Ni a zatona kyau ne ya kashe musu baki.

Gwaggo Saratu, ƙanwar Baba, ita ta fara magana. "Tubarkalla, akuya ta yi kyau! Kamar ta yi kuka. To ina Yayan namu?"

Na nuna da yatsa. Ta taso, ta sunkuya, ta ƙanƙance ido. "Wannan ɗan ƙudan?"

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni sai na gyara murya na buɗe aji. Na ce ai a da can, masu zanen coci-coci na Turai girman mutum suke bi, babba a yi shi ƙato, talaka a yi shi ɗan mitsitsi a gefen ƙafarsa. Daga baya aka waye, aka gane cewa ido ba ya sanin muƙami, na kusa shi ne babba, na nesa ƙarami.

"Ashe na da ɗin sun fi ku tarbiyya," in ji Gwaggo.

Wayyo! Rumfa ta kece da dariya, har fasto sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na hango Ladi ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Sai a lokacin na kalli zanen da idon mutane: ga akuya ta cinye rabin allo, ga mutumin da nake neman 'yarsa bai kai kofatonta ba. Na ji a raina shi ke nan, na rasa Ladi, kuma da hannuna na zana rashin.

Baba bai yi dariya ba. Ya tashi a hankali, ya sa tabarau, ya daɗe a gaban allon har surutu ya mutu.

"Gonar dai tawa ce," ya ce. "Har mangwaron da mahaifina ya dasa ka sa. Na ji kamar in shiga." Ya cire tabarau ya dube ni. "Amma ka ajiye ni da nisa, ɗana. Ka ce wa mutanenka su zo bayan an haƙe doya. In ka shigo gidan, wataƙila ka riƙa ganina kusa."

Ban san sanda na durƙusa ba, ƙwalla ta cika mini ido.

Zanen yana nan rataye a falonsa, 'ya'yana suna kiransa hoton akuyar Kaka. Ni dai na ɗauki darasi: in suruki za ka zana, cika allon da shi, gona ta nemi wani wurin.