Binciken da Na Yi wa Manemin Ƙanwata

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a zauren Baffa na kira manemin ƙanwata mahaukaci ba. Allah ya yafe mini. Har yanzu in na tuna sai gumi ya karyo mini.

Ni tela ne a Kibiya, karatuna bai wuce sakandare ba (ita ma da ƙyar muka rabu lafiya). Da Nura, wani ɗan Zinyau, ya fito neman auren ƙanwata Hafsatu, sai Baffa, ƙanin mahaifinmu da ya riƙe mu tun rasuwar Baba, ya kira ni ya ce, "Kai ne babba. Je ka bincika mana asalinsa da halinsa." Kun san yadda binciken aure yake. Ba a tambayar manemi, ba a tambayar yarinya, gefe-gefe ake bi.

Na je Zinyau, kowa sai yabon gidansu yake. Can wani mai faci ya rage murya ya ce, "Yaron kirki ne, amma fa a asibitin masu taɓin hankali yake wuni a birni." Hafsatu ta taɓa cewa digiri na biyu yake yi, ni kuwa ban tambayi na mene ne ba (ina wa, ina zama hirar saurayi da ƙanwarsa?). Sai na ce a raina, to, ashe jami'ar ke nan.

Washegari na hau mota har asibitin. Na leƙa ta tagar wani ɗaki, sai ga Nura zaune a tabarma cikin marasa lafiya. Ba farar riga, ba abin awo a wuya, ko takalmi babu. Wani dattijo yana ta surutu, shi kuma yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Har hannu na ga ya sa a kwanonsu. Na juyo ban yi wa kowa magana ba.

A nan son a sani ya ci ni. Maimakon in sami Baffa a keɓe, sai na adana labarin don a ga ƙoƙarina a gaban jama'a.

Ranar da iyayen Nura suka zo gaisuwa, zaure ya cika, an yi addu'a, ana shirin raba goro. Na miƙe na gyara hula na ce, "Baffa, a dakata. Yaron nan ba shi da lafiyar kai. Da idona na gan shi cikin mahaukata, kwano ɗaya suke ci!"

Kawun Nura ya fara naɗe babbar rigarsa zai tashi, na ga auren Hafsatu yana shirin bin sa waje. Baffa ya roƙe shi ya zauna, ya sa aka kira Nura daga gindin mota inda yake jiran iyayensa.

Nura ya durƙusa ya ce mini, "Yaya, gaskiya ne, ni ka gani. Digirina na biyu a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ne, a can muke koyon aiki. Malamanmu sun ce in ka tsaya a kan mutum da farar riga ba zai gaya maka damuwarsa ba."

Na so ƙasa ta tsage, amma bakina bai daddara ba. Na ce, "Duk da haka, wane mai hankali ne zai zauna da irin waɗancan?"

Baffa ya dube ni ya ce, "Wace rana ka je?"

"Alhamis, Baffa."

"Da Talata ka je, da ni za ka gani a tabarmar. Tun rasuwar matata, innarku, barci ya guje ni, abinci ya fita raina. Yaron nan ya daɗe yana sauraron kukana, ko Hafsatu bai gaya wa ba. Kai kuwa leƙe ɗaya ka yi, ka tara mana gari."

Innalillahi! Mutumin da ya ciyar da ni, da bakina na sa shi tona asirinsa a gaban surukai. Na zube ina ba da haƙuri. Baffa ya juya ya ce a raba goro.

An ɗaura aure bayan girbi. Baffa ya yafe mini, amma sai da ya ce, "Na ji sauƙi da na faɗa, kada dai ka ɗauka dabararka ce." Yanzu ni nake kai shi tasha ranar asibiti.

Na koyi cewa in an aike ka bincike, wanda ya aike ka za ka kai wa labari, a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Kuma kafin ka kira wasu mahaukata, ka fara duba wa ke zaune kusa da kai.