Ranar da Na Bar Surukata Cikin Hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin Paiko ba, kuma ko na so in manta, dangin mijina ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga taronsu sai wata ta fara tari na ƙarya, sauran su sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa.

Bari in gaya muku yadda nake kafin abin ya faru. Ni malamar firamare ce a nan Minna, kuma a lokacin babu wanda ya kai ni tsanar gem, wato wasan bidiyo. Duk taron iyaye da malamai ni ake miƙa wa lasifika in yi wa'azi: gem yana cinye ƙwaƙwalwar yara, gem yana kashe zuciya, gem ƙanin caca ne. Ina faɗa, iyaye na gyaɗa kai. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, babban yaron da gem ya cinye wa ƙwaƙwalwa a gidana yake, da gemunsa da komai, kuma shi ya biya sadakina.

Abban Hanifa mutum ne mai hankali daga Litinin zuwa Juma'a. Ranar Asabar kuwa, da an kawo wuta, abokansa za su cika mana falo a gidan hayarmu na Tunga, su jona na'urar nan da talabijin, su yi ta buga ƙwallo da manyan yatsu suna zagin alƙalin wasan da ba ya jin su. Wata Asabar gas ya ƙare mini, miya tana kan wuta. Na leƙa na faɗa masa, ya ce yana zuwa. Na sake leƙawa, ya ce saura kaɗan a tashi. Miya ta huce, har mai ya kwanta a samanta. Da aka ɗauke wuta suka fita shan iska, sai na ɗauko almakashi na datse wayar wutar na'urar gida biyu. (Kun lura sai da na bari aka ɗauke wuta. Ku riƙe wannan, don shi ne wayo na ƙarshe da za ku ji na yi a labarin nan.)

Bai yi faɗa ba. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya mayar da abarsa cikin kwali ya ɗora saman sif. "Shi ke nan, kin huta," in ji shi. Abokansa suka mayar da majalisa gidan wani gwauro a Bosso, ni kuma na yi ta ba malaman makarantarmu labarin yadda ake gyara miji.

Sai aka ba da dogon hutu. 'Yarmu Hanifa ta tafi gidan Mamata a Limawa, maigida yana wurin aiki, ni kaɗai a gida da fanka da zafin Minna. Ina kakkaɓe saman sif kwalin ya zo hannuna. Na ce bari dai in ga mene ne a cikin wannan baƙin akwati da ya fi miyata muhimmanci. Bincike ne kawai, irin na malamai.

Na fere bakin wayoyin da reza, na murɗa ja da ja, na murɗa ɗayan da ɗan'uwansa, na naɗe da filastar ciwo. Filasta ta ƙare, na ƙarasa da ledar burodi. Na cusa fulogin a soket mai baki da yawa wanda ya riga ya ɗauki talabijin da fanka da firij. Abin ya kama, fitila ta kawo. Wallahi na ji kaina kamar na gama jami'ar fasaha ta Gidan Kwano.

Ƙwallon ba ta burge ni ba. Amma a ciki na tarar da tseren mota. Jama'a, ni da nake kama ƙarfen keke ina ce wa direba "Malam a hankali, muna da yara a gida," ni ce na koma ina shan kwana da jar mota kamar wadda aka biyo. Ina karkata jiki, ina cije leɓe, ina ce wa motocin da ke gabana su ba ni hanya don girman Allah. Da maigida ya fita zan sauko da kwali, kafin la'asar in mayar, in tare shi da fuskar matar kirki.

Ba wai abin bai yi mini gargaɗi ba. Wurin ɗaurin nan yakan yi zafi har ledar ta yi laushi, wani lokaci in ji ƙauri-ƙauri kamar an bar bokitin roba kusa da murhu. Maganin da na samo shi ne in ɗora masa ledar fiya wata mai sanyi. Ruwa a kan wayar wuta. Ni da nake koyar da kimiyya a aji huɗu.

To, bikin ƙanwar Abban Hanifa, 'yar baffansa, ya faɗo daidai lokacin da ya rage mini tsere guda in ɗauki kofi. A Paiko za a yi, an yi anko, har ɗinkina ya dawo daga wurin tela. Da safe na ɗaure kai da ɗankwali na kwanta. Na ce jiri nake ji, zuciyata na tashi, ko ƙanshin turarensa ba na so. Bawan Allah ya tsaya a kaina cike da tausayi, ya ce ko ya fasa zuwa ne. Na ce a'a, zumunci ya fi ƙarfin jirina, ya bi ta Limawa ya ɗauki Hanifa su je. Ƙarar mashin ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba na hau kujera na sauko da kwali.

Abin da ban lissafa ba shi ne Nna. Nna ita ce mahaifiyarsa, dattijuwa daga Bida, mai ciwon gwiwa da sanda, wadda ta daɗe tana tambaya a fakaice ko Hanifa ba ta gaji da zaman kaɗaici ba. Ta zo bikin. Da ta ji an ce surukarta na fama da jiri da tashin zuciya har ba ta son turare, sai ta haɗa lissafinta ita kaɗai. Ta bar taro, ta sa aka zuba mata farfesu a kula, ta hau motar Minna.

Ina zagaye na ƙarshe, mota ɗaya ce tak a gabana, na ji sallama a bakin ƙofa da ƙwanƙwasar sanda.

Hankali ya ce in zare fulogi. Amma in na zare, tseren ya tafi. Sai na kashe talabijin kawai, na tura na'urar bayan doguwar kujera, gindin labule, na jefa mata bargon Hanifa har kan wayar. Abin riƙewar nan da ake dannawa, wanda suke kira fad, na soke shi a ƙugu cikin zani. Na zube kan kafet na amsa sallamar da muryar wadda ta ga kabarinta.

Nna ta shigo a hankali, ta zauna. A ina? A kan doguwar kujerar nan.

"Sannu 'yata. Kwanta abinki, kar ki tashi."

"Sannu da hanya, Nna. Da ba ki wahalar da kanki ba."

Ta taɓa goshina. "Ga gumi, ga zuciya na bugawa." (Gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa zama na biyu a zagayen ƙarshe ya san wannan ciwon.) Sai ta yi murmushi, ta sauke hannunta kan cikina tana addu'a.

A nan ya kamata ku san wani abu. Wannan fad ɗin, idan motarka ta bugi wani abu, rawa yake yi a hannu. Ni kuma garin sauri ban tsayar da wasan ba, ga zani ya danne maɓallin tafiya. Jar motata tana can cikin duhu tana gwabza wa bango kai. Abin ya yi gurrr a ƙarƙashin tafin Nna.

Ta ɗago ido. "Har ya fara motsi?"

Na ce, "Yunwa ce, Nna."

Ya sake yin gurrr.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wannan namiji ne. Ubansa ma haka ya yi mini."

Ta buɗe kula ta fara zuba mini farfesu, tana ba ni labarin yadda za a yi suna a Bida. Ina sha ina nishi, ina addu'ar a ɗauke wuta. Ni da kullum nake tsine wa masu ɗaukewa, ranar nan roƙonsu nake. Ba su ɗauke ba. Ranar ce suka ga damar riƙe amana.

Can Nna ta ɗaga hanci. "Kin ɗora wani abu a wuta ne?"

"Maƙwabta ne ke ƙona shara."

"Sharar tasu a bayana take?"

Sai muka ji tas, tas, kamar ana soya gurguru. Baƙin hayaƙi ya taso ta bayan kujera, kafin in ƙifta ido harshen wuta ya kama gindin labule ya fara hawa.

Zan so in ce muku na yi salati, na sungumi tsohuwa na yi waje da ita. Abin da ya faru shi ne, mara lafiyar nan ta yi tsalle ɗaya ta haye hannun kujera, ta zura hannu ƙarƙashin bargo mai ci, ta fizgo na'urar har ɗaurin wayar ya rabu, ta rungume ta a ƙirji ta fita da gudun da ba ta yi ba tun tana firamare. Ban yi shawara ba. Ƙafafuna ne suka yanke hukunci.

Na tsinci kaina a tsakar gida, ba ɗankwali, ba takalmi. Maman Blessing, maƙwabciyarmu 'yar garin Garatu, tana yi wa wata kitso a gindin mangwaro. Mai gidan hayar, Baba Alhaji, yana alwalar azahar. Duk suka zuba mini ido. Maman Blessing ta dubi abin da na rungume, ta dubi hayaƙin da ke fitowa ta tagarmu, sannan ta ce da irin Hausarta, "Malama, ba tsohuwa ya shiga ɗakinka yanzu ba?"

Ban taɓa jin sanyi irin na lokacin ba. Na juya zan koma, har yanzu da abin a hannuna. Baba Alhaji ya riga ya jefar da buta ya je ya zare fis ɗin lantarkin gidan, mijin Maman Blessing ya shige da bokitin yashi, mata suka biyo da ruwa. Kafin in kai ƙofa sai ga sanda ta ɗage labulen ƙofar. Nna ta fito da ƙafarta, taku ɗaya bayan ɗaya, tana tari, gefen mayafinta ya babbake. A ɗaya hannun tana riƙe da kular farfesu. Ita ta tuna da abincina. Ni ban tuna da ita ba.

Allah ya taƙaita. Labule ya tafi, bargo ya tafi, bayan kujera ya ƙone, bango ya yi baƙi har silin. Da wutar ta kai silin ɗin, da ɗakunan mutane da yawa sun bi, don rufinmu ɗaya ne. Na san wannan sarai.

Aka ba Nna kujera da ruwa. Na ajiye na'urar a ƙasa, na durƙusa gabanta zan ba da haƙuri. Ina durƙusawa zani ya saki, fad ya sulluɓo ya faɗi tsakanin ƙafafunta. Nna ta sa bakin sanda ta juya shi, ta ƙare masa kallo.

"Wannan ne jikan nawa?"

Maman Blessing ta shige ɗaki da gudu, amma ana jin dariyarta ta bango.

"To alhamdulillahi," in ji Nna, "na ga jiki ya yi sauƙi. Ko a Bida ban ga mai jiri da gudu haka ba."

Aka kira Abban Hanifa a waya. Ya iso da babbar rigar biki, da ƙannensa mata a keke biye da shi, don kada labari ya rasa masu kai shi. Sai da ya tabbatar uwarsa lafiya take, sannan ya shiga falo ya fito da guntun wayar da ta narke.

"Da me kika naɗe wannan?"

"Filasta."

"Sai me?"

"Ledar burodi."

Na jira saki, ko aƙalla wa'azi irin nawa. Sai ya matso yadda Nna ba za ta ji ba, ya ce, "Wace mota kike ɗauka?"

"Ja."

"Shi ya sa. Ba ta da kyau a kwana."

Nna ta yafe mini, amma ta yi mini yafiyar tsofaffi, wadda ake yi a gaban jama'a ana maimaitawa. Mai gyaran lantarki ya zo ya sake wayoyin falon, aka raba wa firij soket nasa, ni kuma na wanke bango da hannuna.

Darasin da na ɗauka, na farko mai sauƙi ne: wayar wuta ba ciwon yatsa ba ce, ba a yi mata filasta, kuma duk abin da ke zafi yana ƙauri, a zare shi, ba a lulluɓa masa bargo. Na biyun shi ya fi ciwo. Idan ana hira aka ce wa mutane me za su fara ɗauka in gobara ta tashi, za ku ji ana cewa yara, tsofaffi, takardun makaranta. Ni yanzu in an zo kaina shiru nake yi, don ni an gwada ni, kuma akwai shaidu.