Tayoyin Ƙanƙara a Tambuwal

Abin da na rasa bai da yawa: tsofaffin tayoyi fuɗu da kusurwar katanga guda. Abin da na samu kuwa rufin ɗaki ne sabo fil, ko ɗigo ba ya yi. Masu cewa na ƙwari yaro su zauna su ji yadda anka yi.

Marigayi maigidana, Ɗangiwa, tayoyin gwanjo shika sayarwa a tashar Tambuwal. Da Allah ya karɓi abinsa, 'yan'uwansa sunka kwashe masu kyau, sunka bar mini fuɗun da sunka shekara bakwai ba wanda ya ko tambayi kuɗinsu. Na ƙasar Turawa ne, da zanen ƙanƙara a gefe, robar laushi kamar danƙo. Direbobi sun ce kwalta mai zafi lashe su take kamar man shanu. Na sa anka ɗora mini su bisa kwanon ɗakina don iska ta bar ɗaga shi. Kwanon kuwa ya riga ya zama rariya. Da damina tasa da bokiti nika jerawa har bisa gado, kuma na sani in wata damina ta iske ni haka, ɗakin a kaina zai zauna.

To, wani ne ya sayar da gonar gadonsa ya sayo jar mota daga Kwatano. Ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. Ko buhun gero guda ba ta ɗauka. Ranar wata Litinin cikin sanyi, rana tsaka, sai ga ta ƙofar gidana. Ya fito da rigar sanyi mai kauri, da safar hannu, da hula har kunne, gumi na bin wuyansa. Maccido mai faci, tsohon abokin marigayi, shi ya rako shi, shina ta dubar ƙasa don kada dariya ta kwace mai.

Mai mota ya gaishe ni sama-sama ya ce ya zagaye Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna neman tayar ƙanƙara, an ce sai wurina. Wai wayarsa ta gaya mai irin motarsa ƙafafun baya ke tura ta, in sanyi ya shigo ba a sa mata tayar ƙanƙara ba, sai ta riƙa kaɗa wutsiya a hanya. Kuma ranar Alhamis zai je Fakku gaida iyayen yarinyar da shika nema.

Na ce, “Ɗan nan, shekarata sittin a garin ga. Ƙanƙarar da na sani a firjin masu zoɓo take.”

Ya ce, “Inna, ba ki san harkar ba. Abu ne na ilimi.”

Tun da na ilimi ne, na gyara zama. Ya taya dubu goma, na ce albarka. Ya ce ashirin, na ce albarka, na ci gaba da tsintar wakena. Shi kaɗai ya yi ta hawa kamar mai ciniki da aljani. Da na ga ya fara haki, na ce ni ban iya ƙirgar takarda ba, ya kawo kwano bandir guda ya ɗauki biyu. Biyun da sunka rage ba na sayarwa ba ne, su ke riƙe da ɗakina.

Kafin la'asar kwano ya iso a amalanke. Maccido ya gwada, anka yi sa'a sun shiga. Ya durƙusa zai ɗaura su baya, mai mota ya daka mai tsawa wai gaba za a sa. Maccido ya tuna mai ai shi da bakinsa ya ce baya ke tura motar.

Mai mota ya ce, “In na isa gidan surukai, gaban mota za su fara gani ko bayanta?”

Maccido ya ce gaskiya ne, ya ɗaura gaba, ya amshi ladarsa.

Labarin Alhamis a bakin 'yan kasuwar Kebbe na ji shi. Ya bar kwalta ke nan ya shiga yashin hanyar Fakku, ƙafafun baya sunka yi ta juyawa wuri guda, suna haƙa, suna watsa ƙasa, har mota ta zauna da cikinta kamar kaza bisa ƙwai. Na gaba kuwa, da zanensu na ƙanƙara, ko motsi. Ya taka mai, ta ƙara nutsewa. Jakai sunka wuce shi. Wata tsohuwa da itace a kai ta wuce shi, ta je gida ta dawo, ta yi mai sannu karo na biyu. A ƙarshe wani dattijo ya zo da shanun huɗa ya ɗaura igiya ya ja shi har cikin gari, yara na bin su da waƙa. Sai da sunka tsaya ƙofar gida dattijon ya kwance igiya ya shiga, ya fito da tabarma. Ashe uban yarinyar ne.

Da wani ne, da ya ji kunya ya sayi babur. Wanga kuwa, da safe sai ga shi a gidana, wai ya gano matsalar: tayoyin ba su cika fuɗu ba.

Na ce na gaya mai ba na sayarwa ba ne. In na sauke su, me zai danne kwanona? Ya yi magiya, ya kira ni Inna, ya kira ni Hajiya, ni da ko Sakkwato sau biyu na taɓa zuwa. Na ce hanya guda ce, ya bar mini tayoyinsa fuɗu na asali a ɗora a madadinsu. Sababbi ne dal, gashin robarsu bai ko kakkarye ba. Maccido ya yi tari, na harare shi. Mai mota kuwa har godiya ya yi, wai me zai yi da tayar da ba ta san sanyi ba. Shi da kansa ya hau tsani ya jera mini su.

Da anka ɗaura fuɗun, ya ce sai ya gwada kafin ya koma Fakku, kuma ba a gwada tayar ƙanƙara sai a kan ƙanƙara. Ya bi masu firji gida gida ya saye duk ƙanƙarar Tambuwal. Ranar ko mai zoɓo guda bai sayar da mai sanyi ba. Anka kawo a baro, anka shimfiɗa a filin ƙofar gidana kamar ana shanyar barkono. Unguwa ta taru. Kafin ya gama sa safar hannu ya ɗaura bel ya ɗauki hoton kansa, rana ta yi aikinta, fili ya zama taɓo.

Ya leƙo ta taga ya ce, “Ku matsa, ku ga ilimi.”

Ya taka. Gaban mota na duban masallaci, bayanta ya zagayo ya dubi masallacin shi ma. Ta yi juyi biyu, ta feshe liman da laka har rawani, ta zo da gindi ta kwashe kusurwar katangata. Akuyata ta fita ta kafar, sai da yamma anka kamo ta.

Ya fito shina duba waya, ya ce laifin ƙanƙarar ne, ta Tambuwal ba ta da inganci.

Ban ce mai komai kan katanga ba. Ƙasa ce, da ƙasa za a gyara. Na dai zauna jira, don Ɗangiwa ya sha gaya mini kwanakin tayoyin ga a kwalta.

Sati uku sunka yi. Sanyi ya fara ja da baya, kwalta ta ɗau zafi. Tsakanin Tambuwal da Kebbe ta farko ta fashe, kafin ya tsaya ta biyu ta amsa mata. Sauran biyun sun suɗe sumul kamar kan jariri. A bayan motar itace anka kawo jar motar gari.

Ya shigo gidana ba rigar sanyi, ba safar hannu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Wai uban yarinya ya ce ranar Juma'a ce ta ƙarshe, ko ya zo da ƙafar motarsa ko kada ya zo, shanu suna da aiki. Kuma wayarsa ta ce in zafi ya shigo dole a koma tayar zafi. An nema har Sakkwato, irin na motarsa babu, sai an aika Legas. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakina.

Na ce, “Ka yi sa'a. Ina da tayoyin zafi fuɗu, sababbi.”

Ya ce, “Haba Inna, ai nawa ne.”

Na ce da can. Yanzu su ke riƙe da ɗakin marainiyar Allah, ga damina tafe. Ya taya bandir guda, na ce albarka. Ya ce biyu, na ce albarka, na jawo wakena. A uku ya fara rantsuwa, a fuɗu ya kira Maccido ya sa baki. Maccido ya ce shi faci ya sani, shekara talatin marigayi bai yi galaba kan matar nan a ciniki ba.

Ya share gumi ya ce, “Tsakani da Allah, Inna, na ƙanƙara da sunka zo tun daga Turai bandir guda kinka amsa. Waɗanga me ya sa sunka fi su?”

Na ce, “Ai abu ne na ilimi, ɗan nan. Sanyinmu wata biyu ne, ka ba da bandir guda. Zafinmu wata goma ne. Kawo bandir biyar da ƙusa, na sallama.”