Ƙararrawar da Kunnen Zinare Ya Gano

"Ni fa idan sauro biyu suka gifta, sai in gaya maka wanne ne ke mura."

Da haka Kunnen Zinare ke buɗe hira, sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Ka dai san irinsu: lasifika biyu a falo kowacce kamar firji, kujera ɗaya tal a tsakiya, an auna mazauninta da igiya. Matarsa kuwa doka guda aka kafa mata: ta share ko'ina, amma ko tari kada ta yi kusa da lasifikar.

Sai ga sabon bugun wani tsohon faifai ya fito, irin waƙoƙin da iyayenmu suka ci samartaka da su, wai an wanke sautin tas. Gogan ya saka, ya lumshe ido, can sai ya zabura.

"Kin ji? Duk sanda ganga ta buga, akwai 'yar ƙararrawa a baya, cirin-cirin. Shekara arba'in tana ɓoye a waƙar nan, sai yau ta gamu da kunnen da ya isa."

"To," ta ce, tana ƙara jawo ɗankwali kan kunnenta na hagu.

Ana haka wani mai shagon kayan sauti ya ce yana neman wanda zai riƙa ba masu saye shawara. Gogan, da ya yi wata biyar ba aiki sai sharhi, ya gayyato shi gida don ya ji abin mamaki. Matar ta kawo ruwa ta koma bakin labule.

"Yallaɓai, zauna nan. Kada ka jingina, jingina na cinye sauti."

Ganga ta buga. Cirin-cirin.

"Ka ji bambancin sabon bugu ke nan. A tsohon, ko da fitila ka nema ba za ka same ta ba."

"Saka tsohon mu ji," in ji mai shago.

Aka saka tsohon. Ganga ta buga. Cirin-cirin.

Gogan ya share goshi. "To ai ka ga ingancin kayana. Har abin da babu a faifai suna tono shi."

"Ikon Allah. Kunna mana rediyo."

Aka dace da wani mai karanta labarai, murya kamar daga cikin randa. Yana cewa "Jama'a," sai cirin. Yana cewa "gwamnati," sai cirin-cirin.

"Shi ma wannan bawan Allah da mai ƙararrawa yake zuwa aiki?"

"Yanzu haka... sabon salo ne a gidajen rediyo."

Mai shago ya tashi ya rungumi lasifikar hagu ya girgiza ta. Ba faifai, ba rediyo, ƙararrawa ta ci gaba da aikinta.

Daga bakin labule wata 'yar murya ta fito. "Maigida, ka yi haƙuri. Ɗan kunnena ne."

"Ɗan me?"

"Ƙura ta yi yawa ne, na ɗan goge. Na sunkuya sai ya faɗa ta ramin nan na baya. Mako uku ke nan."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Na ga kana jin daɗinsa."

Mai shago ya karkata lasifikar, ɗan kunne ya gangaro tafin hannunsa. Gogan dai bai saduda ba, ya gyara wuyan riga.

"Amma yallaɓai ka yi adalci. Tun ranar farko na ce ƙarar nan ta zinare ce tsantsa, ƙarfe ba ya irin wannan amon. Ni na saya mata da hannuna. Kunnena bai yi ƙarya ba."

Bai taɓa faɗar haka ba. Mai shago ya kai ɗan kunnen bakin taga, ya kankare da farce. Ruwan gwal ya ɓare kamar ɓawon albasa, baƙin ƙarfe ya leƙo.

Matar ta dubi ɗan kunnen, ta dubi mijinta. "Ashe shi ya sa yake min ƙaiƙayi."

Mai shago ya miƙa mata kayanta, ya zura takalmi.

"Yallaɓai, maganar aikin fa?"

"Malam, na zo gidan nan an ce min akwai zinare. Na duba kunnen, na duba ɗansa. Duka wankin ruwan gwal ne."