Gwanina Mai Baƙar Riga

A shagon gahawarmu na unguwar Hayyin Ashir, inda ɗalibai ke taruwa, ni ne masanin kowane wasa. Ranar da aka kamo wasan besbol na Amurka a talabijin, zagayen fitar da gwani, na ƙudurta ɗalibai ba za su ga gazawata ba.

Na gyara hula na ce, "Ku dubi mai baƙar rigar can. Kowa ana fitar da shi, shi ko gezau. Gwanina ke nan!"

Musa, ɗalibin fiƙihu, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Baba, alƙalin wasa ne fa."

Na ce, "Khalas, magana ta ƙare, na riga na zaɓa." Na tafa wa alƙalin har aka tashi.

Yanzu ko ƙwallon ƙafa ake, alƙali na busa usur sai shagon ya ɗauka: "Baba, naka ya ci!"