Takalmana Sun Tafi Jami'a

Jiya na komo gida daga Taloka ba takalmi, matata Kaltume ta dube ni ta ce, "Malam, ɓarayi ko masallaci?" Na ce mata gwamnati.

Ga yadda anka yi. Bara Mashkura, ɗiyar maƙwabcinmu mai bincike a jami'a, ta ɗebi ƙasa cokali guda a gonar albasar abokina Mode. Ashe cikin laka akwai ƙananan halittun da ido bai gani, suna fitar da sinadaran da kan zama magani. Ta ce na gonar Mode sun fitar da wani wanda ba ta taɓa gani ba, amma sun mace mata a ɗakin gwaji. Dole sai ta sake ɗibar cokali guda, in ba haka ba aikinta ya tashi banza.

Cokali guda, jama'a! Sai labari ya kai kunnen Mai Girma Sarkin Ƙaddamarwa, Allah shi ƙara mai babbar riga. Ya ce da hannunshi za a ɗiba.

Da hantsi ina taya Mode tsame irin albasarshi cikin laka, 'yan kwamitin tarba sunka iso. Sunka fesa maganin ƙwari don kada sauro ya ciji manya, sunka kwarara na kashe wari, tifa ta juye yashi don kada takalmin Mai Girma ya ɓaci.

Mode ya ce, "Yara, mi kuka yi ma gonata haka?"

"Baba, gyara ta muka yi."

Munka koma bayan rumfar da anka kafa ma manya, inda anka aje irinmu. Mai Girma ya iso da motoci reras, ya yi jawabi kan albarkar ƙasarmu, ya ɗebi yashin tifa da cokalin azurfa, anka tafa. Gaskiya ya iya riƙon cokali.

Da anka watse na iske Mashkura tsugune tana tono, ƙasar sai warin asibiti. Idonta ya cika. Can ta tsura ma ƙafafuna ido.

"Kawu, lakar ga ta ina ce?"

"Ta nan ce, tun kafin su gyara."

"Don Allah kada ka motsa!"

Ta zare takalman a hankali, ta sa cikin leda, ta rungume kamar jinjiri.

Ku dai ku rufa mani asiri wurin manya. Akwai sauran laka tsakanin yatsuna, kuma ba ni son a kafa mani rumfa bisa ƙafa.